Kwana Huɗu a Neman Jar Arzika

Ku 'ya'yana, da ku jikoki da kuka fara iya karatu, kun sha ji ana faɗa a ƙofar gida cewa ni na ceto irin albasar gidanmu. Duk shekara in an buɗe rumbun albasa bayan damina, wanda mu nan muke kira rudu, aka tarar tana nan ja wur, sai wani ya tado zancen. Ni kuwa in gyara zama in yi shiru, kowa ya ɗauka kunya ce. To, ba kunya kaɗai ba ce. Yanzu da gwiwa ta raba ni da fadama, ina so in ajiye muku labarin yadda yake tun ina da bakin faɗa.

Kakanku, Malam Arzika, da albasa aka san shi daga Boɗinga har ƙauyukan Shagari. Ba don yawan gona ba, akwai waɗanda suka ninka shi. Irinsa ne ya fita daban, shi ya sa ake kiran ta jar Arzika, ko da yake shi ma wurin ubansa ya gada. Ba ta da wani girma. Ja ce mai duhu, wuyanta siriri, in ya bushe sai ya rufe kamar an tsuke bakin jaka, ruwa ba ya samun hanya. Yajinta kuwa, in ka gatsa sai ya haura bayan hancinka ya zauna, ka gama cin tuwo yana nan. Albasar mutane takan fara ruɓa da ruwan tsakiyar damina, tamu kuwa sai ta kai kaka lafiya lau. Ku da ba ku yi noma ba, ku lura da abu biyu. Irin albasa ba ya ajiyuwa kamar gero, in ya wuce shekara ya mutu. Don haka kowace kaka sai an zaɓi kawuna masu kyau daga rudu, su ake kira uwar iri, a mai da su ƙasa su yi fure su ba da sabon iri. Shekara ɗaya aka tsallake, an yanke. Na biyu kuma, Baba bai taɓa sayar da iri ba. Kyauta yake yi da shi, ga wanda ya yarda da hannunsa, kuma bai taɓa manta wanda ya ba ba.

Ni a lokacin malamin gona ne, sabon fitowa daga makaranta, da babur ɗina da jakar takardu, ina jin duk manoman ƙasar nan a duhu suke sai ni na zo da fitila. Shekarar da yanar ido ta rufe wa Baba gani, ya kira ni ya danƙa mini fadama da rudu gaba ɗaya. Bai gindaya mini sharaɗi ko ɗaya ba, don bai zaci akwai buƙata ba. A daminar nan na kwashe rudu kaf na kai kasuwa, har da uwar iri. Da kaka na shuka irin gwangwani da aka kawo daga waje, wanda nake yawon tallarsa ƙauye ƙauye. Irin gida da ke cikin gora na bar shi rataye a ɗaki, ina cewa a raina ai yana nan in an buƙata, ni da na karanta a littafi cewa ba ya ajiyuwa. Ban gaya wa kowa ba. So nake ranar cira in ɗora wa Baba kan albasa kamar ƙoƙo a tafin hannu, ya san karatu ba wasa ba ne.

Na kuwa ɗora masa. Ya juya ta, ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya kai hanci.

“Wagga ta wa ta?”

“Tamu ce, Baba. Sabon iri ne.”

“Ina tamu?”

Na yi ta zuba bayani, har da kalmomin makaranta. Ya bari na gama, ya miƙo mini albasar, ya ce Allah shi sa albarka.

Albarkar ba ta kai tsakiyar damina ba. Wari ya fara fitowa daga rudu, muka buɗe muka tarar tana tsiyayar ruwa, ka ɗauki kai ya narke a hannunka. Kwana uku muna kwasa da kwando muna kaiwa bayan gari, maƙwabta suna yi mana jaje da hanci a toshe. Na ruga na ciro gorar nan, na zuba iri a jiƙaƙƙen tsumma, ina leƙawa safe da yamma. Kwana goma, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsaga ba. Baba bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ya yi kawai, ya daina kiran sunana. Ladan ya ɓace daga bakinsa, sai Malam. In na gaishe shi da safe sai ya amsa mini a mutunce, da tambayar iyali da aiki, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Na rame, na bar zama majalisa, ga ni dai a gidan ubana amma kamar ɗan haya.

Inna, kakarku, ita ta gaji da mu. Wata safiya ta dire kwanon koko tsakaninmu da ƙarfi har ya fantsama, ta dubi Baba.

“Malam, kai da bakinka kac ce ka ba mutane irin ga. Ba su mutu duka ba. Ku tashi ku biɗo shi, ku bar cika mani gida da shiru. Kaka ta yi, in kun ka bari lokacin sa uwar iri yaw wuce, shi ke nan.”

Baba ya lissafa da yatsu. Gida huɗu ya tabbata sun riƙe: Lambara, Shagari, Horo Birni, Mandera. Na aro a-kori-kura wurin wani abokina, tsohuwa ce, ƙofar gefen Baba da igiya ake ɗaure ta. Tafiyar da direban kirki zai yi da hantsi ya dawo cin rana, ita muka yi wa kwana huɗu, don Baba ba ya shiga gidan mutum ya fita bai kwana ba.

Har yau in na rufe ido ina ganin hanyar nan. An yanke gero, dammuna a jingine, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje. Raƙuma na tafe da kara a gefen kwalta, ba ruwansu da hon. Duk inda ƙasa ta gangara sai ka hango fadama, mutane sun duƙa suna ja wa albasa fangali, injin ban ruwa yana tari, ga rudu jere a bayan gari da hulunansu na ciyawa. Baba ba ya ganin ko ɗaya, amma shi ke gaya mini inda muke. Iska ta canza ya ce mun kusa fadama kaza, mota ta yi tsalle ya ce wannan kwalbatin a gabansa aka gina ta. Ba mu yi nisa da gida ba ya ce in tsaya a Sifawa. Na riƙe hannunsa muka bi lungu har wani tsohon gini na ƙasa da ruwa ya zaizaye kafaɗunsa. Ya dafa bangon, ya yi wa magabata addu'a, ya ce a nan ubansa yake sauke jaki su sha fura in za su kudu. Na sha wuce garin nan da babur, ban taɓa sanin akwai abin tsayawa ba.

A Lambara gidan Gwaggo Ige muka sauka, ƙanwar Baba, wadda ya ba uwar iri kwando guda tun lokacin da aka kawo ta garin. Labarina ya riga ni isa. Tun daga zaure ta fara.

“Lale da malamin gona! Kai na kaɗ ɗauko karatu kab baro hankali makaranta? Shigo, shigo, ɗan nema, ai ba a korar mutum don wauta.”

Bayan an ci an sha aka shimfiɗa tabarma, aka kawo albasa a faifai. A nan na fara ganin yadda Baba ke ɗanɗano, ni da na girma a gabansa ban taɓa kula ba. Sai ya kurkure baki tukuna. Ya auna kai a tafinsa, ya matsa wuya, ya murza ɓawo kusa da kunne ya ji ƙararsa. Sannan ya ɓare, ya sansana, ya gatsa kaɗan, ya rufe baki yana jira. Duk gidan aka yi tsit, har awaki kamar sun sani.

“Ta sha baƙo, Ige. Akwai mai hwarar albasa kusa da ku?”

“Awo, gonar da muka iyaka da ita.”

“To ƙudan zuma sun gama su. Jikanyarta ta, ba ita ta ba.”

Gwaggo ta yi ta rantsuwa ba ta taɓa sakaci ba, ya ce ya sani, ba laifinta ba ne. Ta juyo ta harare ni, ta ƙara mini nama a kwano, wanda na kasa ci.

Washegari muka shiga Shagari, gidan Malam Haruna, alaramma ne, tare suka yi karatun allo da Baba. Zaurensa ya girmi duk wanda ke garin. Kaurin bangonsa ya kai kamu biyu, rufin azara ya yi baƙi da hayaƙin shekaru, kana shiga sanyi ya rufe ka kamar ka leƙa randa. Tsofaffin nan biyu suka riƙe hannun juna suka ƙi saki. Suka tuno malaminsu da bulalarsa, da ranar da suka saci rake aka kama Haruna shi kaɗai don ya tsaya yin bismilla. Rabon da in ji dariyar Baba tun kafin damina. Da aka zo kan abin da ya kawo mu, Malam Haruna ya yi murmushi, ya tashi ya shiga ciki, ya fito da wata kwalba naɗe cikin fata, daga cikin littattafansa ya ciro ta.

“Amanarka ta, Arzika. Shekara ukku ke nan da nib bar noma, amma ban bari ko ƙwaro ya taɓa ta ba.”

Baba ya karɓa da hannu biyu, ya zuba kaɗan a tafinsa, ya shafa ƙwayoyin. Ya yi godiya mai tsawo, ya sa kwalbar a aljihu, bai ce masa komai ba. Sai da muka hau hanya da safe ya ce, ba da ni yake ba, da gilashin mota yake:

“Haruna ya aza iri littahi na.”

Horo Birni ita ce ta karya ni. Kafin mu shiga gari Baba ya ce in kai shi ragowar ganuwa. Ba wani abin kallo ba ne ga wanda bai sani ba, tudun jar ƙasa ne mai tsawo, geza ta fito a kansa, awaki na hawa suna sauka. Amma ya nace sai ya hau. Na tura shi ta baya har muka kai sama, yana haki, ya tsaya ya fuskanci gabas. Ya ce yana yaro tsayinta ya fi mutum a kan raƙumi, ya nuna mini da sanda inda ƙofa take, da inda 'yan albasa ke kwance kaya su jira a buɗe. Ya ce mutanen da suka gina ta da kwando suka ɗebo ƙasar, kuma kowace shekara bayan damina sai gari ya fito a yi mata yaɓe. Da aka daina yaɓen ne ta zama abin da nake gani. Na ji inda maganar ta sauka.

Mutumin da muka zo nema ya rasu bara, ba mu ji ba. Babban ɗansa ya karɓe mu hannu bibbiyu, muka yi ta'aziyya. Baba ya tambayi jar albasar da ya ba mahaifinsu.

“Ai mun bar ta, Baba. Wani malamin gona yaz zaka nan da babur, yat tara mu gindin tsamiya, yac ce wagga ta tsohhi ta.” Ya tsaya, ya ƙura mini ido, fuskarsa ta washe. “Kai, ai ga shi! Malam, ba kai na ba?”

Ni ne. Na tuna tsamiyar, na tuna har rigar da na sa. Ya ci gaba da ba da labarin yadda tasu ma ta ruɓe, ba da fushi ba, yana dariya, wai kowa da rabonsa. Na fita bayan gida na tsuguna kamar mai alwala, na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro. Ranar ko abincin da aka kawo ban taɓa ba.

Saura Mandera. Mun bar kwalta, mota tana nishi cikin yashi, sau biyu ina fita in tura kara ƙarƙashin taya. Ban ce uffan ba tun safe. Abin da nake ta juyawa a raina shi ne, in aka rasa a nan, ba zan iya zaman Boɗinga ba. Zan nemi a mai da ni aiki wata ƙasa mai nisa, in riƙa aiko da gaisuwa. Na riga na yanke, har na fara tsara yadda zan gaya wa mahaifiyarku.

Dikko, mai gidan da muka nufa, tsoho ne mara yawan magana, fadamarsa can gefe take ita kaɗai, ba ta iyaka da kowa. Da na ga haka na fara sa rai, don na san ƙudan zuma ba su da ta cewa a nan. Ya buɗe rudunsa a gabanmu. Ja ce, ƙanana, busassu, ko ɗaya ba ta yi ruwa ba. Aka kawo faifai. Baba ya kurkure baki, ya auna, ya matsa, ya murza, ya gatsa. Ya daɗe fiye da ko'ina. Ya ɗauki ta biyu ya sake. Ni dai ina tsaye riƙe da ƙyauren rudu. Dikko ya miƙo mini guda in ɗanɗana, na ce na ƙoshi. Tsoro ne ya hana ni.

“Dikko, a ɗaure muna buhu guda.”

Dikko ya zaɓa da hannunsa, ya ɗinke bakin buhu, ya ce abin Arzika ne ya koma gidan Arzika. Da muka shiga mota na ɗaure wa Baba ƙofarsa, na kasa haƙuri.

“Baba, ita ce?”

Ya lalubo gwiwata ya dafa.

“Tada mota, Ladan. Innarka na jira.”

Wata uku rabon da in ji sunana a bakinsa. Ban san yadda muka iso gida ba. Na tsaya a bakin hanya na sayi tsire na ci kamar wanda aka sako daga kurkuku, Baba yana cewa in bi a hankali kar in shaƙe. Kafin magariba duk unguwa ta ji an samo jar Arzika, kuma daga bakina aka ji. Baba yana zaune ana ta yi masa barka, yana amsawa da alhamdu lillahi.

Na sa uwar irin nan a ƙasa da hannuna, ban bar ko kai ɗaya na miya ba. Na yi mata shinge, na hana kowa shuka wata albasa kusa. Ta yi fure, na tara iri, kaka ta zagayo na yafa, na dasa. Sai da aka shekara da rabi da tafiyarmu sannan na ciri kan farko a fadama. Na goge shi a riga, na ɓare, na gatsa. Yaji ya zo, mai kyau, ya taɓa hanci, ya wuce. Na jira ya haura ya zauna. Bai zauna ba. Na ciri na biyu, na uku, har bakina ya mutu. Da jar Arzika aka yaye ni, ba mai gaya mini ɗanɗanonta. Wannan albasa ce ta kirki, tana kai kaka, ita kuke ci yau, ita na yi shekara da shekaru ina zaɓa har ta zama abin da mutane ke yabo. Amma ta Dikko ce. Wataƙila tasa ta asali ce ta rinjayi wadda aka ba shi, Allah kaɗai ya sani. Jar Arzika a hannuna ta ƙare, kuma ba ta dawo ba.

Na taho gida da kan albasar a hannu. Baba yana zaure bayan la'asar, yana jan carbi. Na durƙusa na sa masa ita a tafi. Bai ko kai ta hanci ba.

“Baba, ba ita ba ce.”

“Na sani.”

“Tun yaushe?”

“Tun gatsan hwarko, can Mandera.”

“To me ya hana ka faɗa? Ka bar ni ina ta shela a gari.”

Ya ajiye albasar a gefen tabarma, ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina.

“Iri ya riga ya tahi, Ladan, babu mai mai da shi. Ni kau kwana huɗu ina jin ka kusa gare ni, ba ka ci, ba ka magana, tuƙinka ma na mai shirin barin gari na. Nic ce ma raina, na rasa abin da ubana yab bar mani. In ƙara da ɗan da Allah yab ba ni?”

Na kifa kaina a gwiwarsa, ni da gemuna da 'ya'ya uku. Ya bar ni a haka har aka kira magariba, sannan ya ce in tashi in kama masa hannu mu tafi masallaci.